Rumbun bayananmu ya yi nauyi, oga na cewa a sayi babbar sabar

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin mu kashe kuɗi. Muna amfani da manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL 14 a kan sabar mai ram giga 16 da SSD. Babban teburinmu, na oda, ya kai layi miliyan 40. A da shafin rahoton rana nan take yake buɗewa, yanzu sai mutum ya zauna jiran sakan 25 zuwa 30, wani lokacin ma ya yanke gaba ɗaya. Oga ya ce a ninka ram kowa ya huta. Ni kuma jiya na shiga fayil ɗin saiti na ɗaga work_mem, wato ram ɗin da ake ba aikin jera layuka, daga 4MB zuwa 256MB don na ga wani ya rubuta haka. Ba a yi awa biyu ba sabar ta faɗi. Na mayar da shi yadda yake. Me kuke gani?

Mai Sabar:
Wa alaikumussalam. Gaskiya ogan naka bai yi laifi ba. Giga 16 ga layi miliyan 40 ya yi kaɗan. Ku koma 64, in bayanan duk suka zauna cikin ram magana ta ƙare. Lokacin da za ku ɓata kuna bincike ya fi ram ɗin tsada.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumussalam ƙanena. Kafin a je ga saye, tambaya ɗaya: wace tambaya ce take cin sakan 30 ɗin? Ba shafin ba, ita SQL ɗin da shafin yake aikawa. In ba ka sani ba, to duk abin da za ka taɓa yanzu lalube ne cikin duhu.

Game da work_mem, ba kai ne farau ba. Mutane suna ɗauka adadin na sabar ce gaba ɗaya. A'a. Kowane aikin jera layuka ko na haɗa tebura a cikin tambaya ɗaya yana iya cin nasa kason, kuma kowane haɗi da manhaja ta buɗe zuwa rumbun yana da nasa tambayoyin. Haɗi nawa ne ke buɗe a lokacin da ta faɗi?

Ɗan Koyo:
Malam, max_connections mun sa 300, kuma da rana kusan 200 ne a buɗe.

Tsohon Hannu:
To yi lissafin da kanka. 256MB sau 200 ya haura giga 50, ko da kowa jeri ɗaya kawai yake yi. Kai kuma 16 gare ka. Ba sai duk sun nema a lokaci guda ba, kashi ɗaya cikin uku ya isa ya cinye ram ɗin, sai Linux ta kashe wani tsari don ta ceci kanta. In akwai rahoto ɗaya da yake buƙatar work_mem babba, a ba shi shi kaɗai da SET a cikin zamansa, kada a ba kowa.

Uwar Tebura:
Ɗan Koyo, ka kwafo mana tambayar nan. Sannan ka gudanar da ita da EXPLAIN ANALYZE a gabanta don ya nuna hanyar da rumbun ya bi wajen amsa ta, ka haɗa da BUFFERS, ka liƙo mana abin da ya fito. Amma ka kula, EXPLAIN ANALYZE aiwatar da tambayar yake yi da gaske, ba hasashe ba. Ga SELECT ba komai. Ranar da za ka gwada shi da DELETE ko UPDATE, ka fara da BEGIN ka rufe da ROLLBACK don a janye canjin, in ba haka ba za ka dawo nan da wani kukan daban.

Kallo Kawai:
Ni dai shawarata ku bar SQL ɗin nan ku koma MongoDB, rumbun da ke ajiye takardu maimakon tebura. Tsohon yayi ne.

Uwar Tebura:
Tsohon yayin da Edgar Codd ya kafa harsashinsa a IBM tun 1970 kuma har yau bankuna na kansa? Ɗan uwa, tambayar da ba ta da fihirisa a PostgreSQL, wato index, jerin da ke kai rumbun ga layi kai tsaye, in ka kai ta MongoDB ba tare da fihirisa ba, can ma duk takardun za ta bi ɗaya bayan ɗaya. Gudun gara ne a faɗa gidan zago, ga wahalar ƙaura a kai.

Ɗan Koyo:
Anti ga ta nan:

SELECT * FROM oda WHERE mai_saye = 512 AND date(lokaci) = '2024-03-01' ORDER BY lokaci DESC;

Abin da ya fito yana da tsawo, amma saman yana cewa Parallel Seq Scan on oda, kuma Rows Removed by Filter ya haura miliyan 13 ga kowane ma'aikaci. Layi 84 kawai ya dawo da su. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne akwai fihirisa a kan lokaci, ni da kaina na yi ta bara.

Uwar Tebura:
Alhamdulillah, ga ɓarawon nan a fili. An karanta layi miliyan 40 don a ba ka 84.

Fihirisarka tana nan lafiya, kai ne ka hana a yi amfani da ita. An jera ta ne bisa ƙimar lokaci yadda take a tebur, da awa da minti da sakan. Kai kuma ka naɗe ginshiƙin cikin date, wato kana neman wani abu da ba shi aka jera ba. Dole rumbun ya ɗauko kowane layi, ya cire ranar, ya gwada. Kamar littafi ne da aka yi wa fihirisa bisa harafin farko na kalma, kai kuma ka zo neman kalmomin da suka ƙare da wani harafi. Sai dai ka bi shafi-shafi.

Sake rubuta ta haka:

WHERE mai_saye = 512 AND lokaci >= '2024-03-01' AND lokaci < '2024-03-02'

Ma'ana ɗaya ce, amma yanzu ginshiƙin tsirara yake, fihirisa na iya tsalle kai tsaye zuwa farkon ranar ta tsaya a ƙarshenta.

Bawan Allah:
Ko kuma ya yi fihirisa a kan date(lokaci) ɗin kanta, ai PostgreSQL ta yarda da fihirisar lissafi. Ba sai ya taɓa kod ba.

Tsohon Hannu:
Ya danganta da irin ginshiƙin. In timestamptz ne, wato lokaci mai la'akari da yanki, za ta ƙi, domin ranar da za ta fito ta dogara da yankin lokacin da zaman yake kai, kuma fihirisa ba ta karɓar lissafin da amsarsa ke iya canzawa. Sai ka ƙayyade yankin a cikin lissafin, sannan kowace tambaya ta rubuta shi daidai da yadda aka rubuta a fihirisar. Hanyar Uwar Tebura ta fi tsafta.

Amma ni zan ƙara abu guda. Fihirisar lokaci kaɗai za ta kawo maka odar duk masu saye na wannan rana, sannan a tace. Abin da ya dace da wannan tambaya shi ne fihirisa mai ginshiƙi biyu, mai_saye a gaba, lokaci a baya. Tsarin yana da muhimmanci: wanda ake nema da "daidai da" shi ke fara zuwa, wanda ake nema da "daga nan zuwa nan" ya biyo baya. Da haka layukan mai saye 512 na wannan rana suna manne da juna a cikin fihirisar, kuma a jere bisa lokaci, don haka ORDER BY ɗinka ma kyauta ya zo, ba jeri, ba cin work_mem.

Ka yi ta da CREATE INDEX CONCURRENTLY. In ka bar kalmar ƙarshen nan, teburin zai kulle ga masu rubutu har a gama, kuma a layi miliyan 40 ba abin minti ɗaya ba ne.

Mai Sabar:
Na yarda tambayar ta lalace. Amma ban janye maganata ba. Ko an gyara wannan, wata za ta fito. Ram ba ta taɓa yin yawa.

Tsohon Hannu:
Ba wanda ya ce ram ba ta da amfani, abokina. Amma duba abin da za ta saya masa a nan. Da giga 64 teburin zai zauna cikin ƙwaƙwalwa, sai karanta layi miliyan 40 ya sauko daga sakan 30 zuwa wasu 'yan sakanni. Da fihirisar da ta dace, ba za a karanta miliyan 40 ɗin ba sam. Itacen B, tsarin da ake gina fihirisar a kai, wanda Bayer da McCreight suka fito da shi farkon shekarun 1970, faɗi gare shi ba tsawo ba. Shafin PostgreSQL 8KB ne, kowane shafi na ɗauke da ɗaruruwan mabuɗai, don haka hawa uku ko huɗu sun isa a kai ga layi ɗaya cikin miliyoyi. Teburin ya ninka goma, hawa ɗaya zai ƙaru ko ma ba zai ƙaru ba. Ram kuwa duk ninkin da tebur ya yi sai ka bi shi da saye.

Ɗan Koyo:
Na gyara tambayar, ta sauko zuwa sakan 2 da tsohuwar fihirisa. Na gode ƙwarai Anti. Amma ana wata ga wata. Na sa CREATE INDEX CONCURRENTLY tun bayan la'asar, yanzu awa huɗu ke nan bai gama ba. Sabar ba ta aikin komai, CPU a kwance, diski a kwance. Kamar jira yake yi. In kashe shi?

Uwar Tebura:
Kar ka kashe tukuna. In ka yanke shi zai bar maka fihirisa mai alamar INVALID, ba a amfani da ita wajen karatu amma tana iya ci gaba da cin aiki wajen rubutu, sai ka goge ta da hannu. Jira yake yi da gaske. Ginin CONCURRENTLY yana jiran tsofaffin hada-hadar da suka taɓa teburin, wato ayyukan da aka buɗe da BEGIN ba a rufe da COMMIT ko ROLLBACK ba, su rufe kafin ya wuce mataki na gaba. Buɗe wata taga ka duba pg_stat_activity. Nemo waɗanda state ɗinsu yake idle in transaction, ka jera su bisa xact_start. Faɗa mana mafi tsufa.

Ɗan Koyo:
Innalillahi. Akwai ɗaya da ta fara kwana 9 da suka wuce. Ta wani abokin aikinmu ce. Tambayar ƙarshe UPDATE oda ce. Na kira shi, ya ce gyaran layi ɗaya ya yi, ya manta bai yi COMMIT ba, tagar na nan buɗe a sabar tsalle da muke bi mu shiga.

Tsohon Hannu:
Yawwa. Yanzu muka zo wurin. Wannan tagar ta fi date ɗinka ɓarna, kuma ina zargin ita ce dalilin da abin ya tsananta cikin 'yan kwanakin nan.

Bari in yi bayani a hankali don wannan shi ne abin da sababbi ba sa gani. A PostgreSQL, UPDATE ba ya goge tsohon layi ya rubuta sabo a gurbinsa. Sabon kwafi yake rubutawa, tsohon ya zauna, domin wataƙila akwai hada-hadar da ta fara tun da farko kuma har yanzu tana da haƙƙin ganin tsohon. DELETE ma alama kawai yake sawa. Waɗannan matattun layuka autovacuum ne ke zuwa ya share su don a sake amfani da gurbinsu. Amma ba zai share wanda wata buɗaɗɗiyar hada-hada take iya buƙata ba. Abokin aikinka ya riƙe ƙofa tun kwana 9, don haka duk layin da ya mutu tun daga ranar yana nan. Autovacuum na zuwa, ya zagaya, ya koma hannu rabbana. Kuma ba teburin oda kaɗai abin ya shafa ba, har sauran teburan rumbun.

Duba n_dead_tup, adadin matattun layuka, a pg_stat_user_tables ka gani.

Ɗan Koyo:
Miliyan 17 a oda, Malam. Na sa shi ya yi ROLLBACK. Ko minti ashirin ba a yi ba fihirisar ta kammala. Tambayar yanzu milisakan 3.

Kallo Kawai:
Daga sakan 30 zuwa milisakan 3? To na yi shiru.

Bawan Allah:
Yanzu sai ya yi VACUUM FULL ya dawo da sararin diskinsa.

Uwar Tebura:
A'a, don Allah a'a. Ba da rana ba, ba kuma a kan teburin da ake aiki da shi ba. VACUUM FULL sake rubuta teburin yake yi gaba ɗaya, yana kulle shi har ga masu karatu, kuma yana buƙatar sararin da zai ɗauki sabon kwafin kafin ya saki tsohon. VACUUM ANALYZE na yau da kullum ya isa yanzu. Fayil ɗin ba zai ragu sosai ba, amma guraben za su zama fanko, sababbin layuka su cike su. In har dole sai an matse teburin ba tare da dogon kulle ba, akwai pg_repack, amma a gwada shi a sabar gwaji tukuna.

Abu biyu zan so ka saita yau. Na farko idle_in_transaction_session_timeout, yana nan tun siga ta 9.6, asalinsa a kashe yake. Ka sa masa minti biyar ko goma, duk wanda ya buɗe hada-hada ya tafi yawo rumbun ya yanke shi da kansa. Na biyu, autovacuum na teburin oda. Asalin saitin yana jira sai matattun layuka sun kai kashi 20 cikin ɗari na tebur, da ƙarin 50. A ƙaramin tebur ba laifi. A layi miliyan 40 kuwa, ma'anarsa sai miliyan 8 sun mutu kafin ya motsa. Da ALTER TABLE kana iya rage autovacuum_vacuum_scale_factor na wannan tebur kaɗai zuwa 0.02 ko ƙasa da haka, ya riƙa zuwa akai-akai yana ɗan aiki kaɗan.

Mai Sabar:
To ku bar ni in faɗi nawa, tunda saiti aka shigo. Ɗan Koyo, nawa ne shared_buffers ɗinka, wato ram ɗin da rumbun ya ware wa kansa don riƙe bayanai?

Ɗan Koyo:
128MB. Ban taɓa shi ba, Yaya.

Mai Sabar:
Ka gani? Giga 16 kuka saya, rumbun na zaune a 128MB kamar baƙo. Wannan asalin saitin an yi shi ne don ya tashi a kowace irin na'ura. Takardun PostgreSQL da kansu sun ce kashi 25 cikin ɗari na ram wurin farawa ne mai kyau a sabar da rumbun kaɗai ke kanta. Wato giga 4 a wurinka, kuma sai an sake tayar da rumbun kafin ya kama. Sai effective_cache_size, shi ba ya ware komai, labari kawai yake ba mai tsara hanya, sashen da ke zaɓar yadda za a gudanar da tambaya, cewa ga yawan abin da ake sa ran samu a ƙwaƙwalwa, ka sa shi wajen giga 12. Sannan random_page_cost, asalinsa 4, lissafin zamanin faifai mai juyawa ne inda tsalle daga wuri zuwa wuri yake da tsada. A SSD da yawa suna saukar da shi zuwa 1.1, sai mai tsara hanya ya daina tsoron fihirisa.

Tsohon Hannu:
Wannan kam na sa hannu. Ka ga ashe ba sai an saya ba, wanda ke hannu ma ba a ci shi ba. Sai dai ya canza su ɗaya-ɗaya, yana aunawa tsakani. In ya canza biyar a dare ɗaya abu ya gyaru ko ya lalace, ba zai san wanne ne ya yi ba.

Sabuwar Ɗaliba:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni MySQL muke koyo. Wannan kashi 25 ɗin ya shafe mu?

Uwar Tebura:
A'a ƙanwata, naku daban ne. PostgreSQL na jingina da ma'ajin wucin gadi na Linux, shi ya sa ake bar masa kaso mai yawa. InnoDB kuwa, injin ajiyar MySQL, ta fi son riƙe bayananta da kanta, don haka innodb_buffer_pool_size ana iya kai shi har kashi 80 cikin ɗari a sabar da ba ta wani aiki. Shi ma asalinsa 128MB ne. Wani bambanci da zai amfane ki: a InnoDB teburin kansa a jere yake bisa babban mabuɗi, kuma kowace fihirisa ta biyu tana ɗauke da kwafin wannan mabuɗi. In kika zaɓi dogon mabuɗi marar tsari, duk fihirisoshin za su kumbura. Kuma in kin ci karo da tsohon rubutu yana cewa a kunna query cache, ki wuce, an cire shi a MySQL 8.0. Ki kunna rajistar tambayoyi masu jinkiri, amma ki rage long_query_time, don asalinsa sakan 10 ne, kuma tambayar da take cin sakan 9 ai ta riga ta kashe mai jira.

Ɗan Koyo:
Tunda fihirisa ta yi wannan abin al'ajabi, ina tunanin in yi wa kowane ginshiƙi na oda tasa. Guda 22 ne.

Tsohon Hannu:
Kai yaro! Daga wannan rami zuwa wancan. Kowace fihirisa bashi ce da ake biya a kowane INSERT. Guda 22 na nufin layi ɗaya ya shiga, a rubuta a wuri 23. Kuma akwai wata dabara da PostgreSQL ke yi, ana ce mata HOT: in UPDATE bai taɓa ginshiƙin da ke da fihirisa ba kuma akwai sarari a shafin, sai a rubuta sabon kwafin ba tare da an taɓa fihirisoshi ba. Ranar da ka sa wa kowane ginshiƙi fihirisa ka kashe wannan dabarar da hannunka.

Ka bar tambayoyi su gaya maka abin da suke so. Kunna pg_stat_statements, mai ƙirga lokacin da kowace tambaya ke ci, sai ka sa shi a shared_preload_libraries, don haka ka haɗa shi da tayarwar da za ka yi wa shared_buffers. Bar shi ya yi kwana biyu yana tarawa, sannan ka jera bisa total_exec_time. Za ka sha mamaki. Sau da yawa ta saman ba mai sakan 30 ba ce, wata ce mai milisakan 5 da ake kira sau dubu ɗari a awa, domin kod ɗin yana ɗauko oda ɗari sannan ya koma ya tambayi sunan mai saye ɗaya bayan ɗaya maimakon JOIN guda. Ni na taɓa kwana uku ina zargin diski a wani wurin aiki, ashe madauki ne a kod ɗina.

Ka kuma leƙa pg_stat_user_indexes. Duk fihirisar da idx_scan ɗinta, wato sau nawa aka yi amfani da ita, yake sifili bayan watanni, in ba ta tsare wata ƙa'ida kamar hana maimaici ba, kaya ce kawai. Akasin haka kuma, duba mabuɗan da ke nuni zuwa wasu tebura. PostgreSQL ba ta yi musu fihirisa da kanta, InnoDB ce ke yi.

Mai Sabar:
Saura haɗi 200 ɗin nan. Kowane haɗi a PostgreSQL tsari ne mai zaman kansa a Linux, kuma na tabbata yawancinsu zaman banza suke yi. Ku sa PgBouncer a gaba, manhajar ta buɗe ɗari biyunta a can, shi kuma ya riƙe ashirin ko talatin na gaske zuwa rumbun.

Bawan Allah:
A yi hattara da yanayin da za a sa shi. In yanayin hada-hada ne, SET ɗin da Malam ya ce a yi wa rahoto zai iya zama a kan haɗin da wani zai gada. SET LOCAL a cikin BEGIN shi ne daidai a nan.

Tsohon Hannu:
Gaskiyarka, na gode da gyara.

Ɗan Koyo:
Na nuna wa oga sakamakon da safen nan. Ya dakatar da sayen, amma ya ce in rubuta masa duk abin da na canza da ranar da na canza shi. Yanzu pg_stat_statements na tarawa. Wadda na hango tana hawa sama ita ce ta jerin oda mai shafuka, tana da OFFSET 200000 a wasu lokuta. Ita ma fihirisa ce maganinta?

Uwar Tebura:
Fihirisa kaɗai ba za ta cece ta ba. OFFSET 200000 na nufin a ɗauko layi dubu ɗari biyu a zubar, sannan a ba ka ashirin na gaba. Maimakon lambar shafi, ka riƙe lokaci da lambar layin ƙarshe da mutum ya gani, ka nemi waɗanda ke bayansa da LIMIT 20. Abin da za ka rasa shi ne tsalle kai tsaye zuwa shafi na dubu goma. Tambayi ogan naka ko akwai wanda yake yin hakan da gaske, ko kuwa wata na'ura ce ke bin shafukan tana kwasar bayanai. Liƙo tambayar mu gani.